Raha da ibada a ƙasar Gobir

Birnin Lalle yana cikin gundumar Dakoro, a jahar Maraɗi, can arewa inda gonakin hatsi suke fara bar wa makiyaya fili. Baƙon da ya sauka garin yau, in ba a gaya masa ba, da wuya ya gane cewa nan ne sarakunan Gobir suka yi zamansu bayan sun baro Azbin, tun kafin a yi tunanin gina Alƙalawa. Daga nan sarautar ta yi ta gusawa kudu. Alƙalawa ta ci zamaninta, ta ga mulkin Bawa Jan Gwarzo, sa'an nan ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a shekarar 1808. A 1836, bayan yaƙin Gawakuke, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Sarkin Gobir na Nijar yake zaune har yanzu. Ganuwa ta rushe nan, ta rushe can, amma akwai kayan da Gobirawa ba su taɓa barinsu a baya ba ko wace ƙaura suka yi, wato zanen fuskarsu, da taurin zuciya a fagen fama, da kuma wasa.

Wasan da ake nufi a nan shi ne na taubasai da na ƙabilu. Bagobiri in ya gamu da Bazabarme a ofis ko a tashar mota, ko da bai taɓa ganinsa ba, yana da iznin ya kira shi bawansa, ya kushe tuwon gidansu, ya raina garinsu gaban jama'a. Shi kuma Bazabarmen ya rama da abin da ya fi wannan zafi, kowa ya bushe da dariya, a rabu ana abokai. Haka Bagobiri yake yi da Bayarabe in ya tsallaka Nijeriya, haka kuma Bafillace da Babarbare suke yi. A cikin gida ma akwai shi, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da tsakanin jika da kaka, inda tsohuwa take kiran jikanta mijinta, shi kuwa ya ce ya sake ta don ta tsufa. A ƙasar Dakoro, inda Hausawa manoma da Fulani da Buzaye suke shan ruwan rijiya ɗaya, sau da yawa wannan wasa ne yake kashe wutar da ɓarnar gona ta kunna tun ba a kai gaban sarki ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam da ya wajaba a kiyaye.

Sai dai wasan yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta sa bai zama zagi ba. Wanda ya tsokana dole ya yarda a tsokane shi. Ba a yin fushi. Abokin wasa kuma ba ya cutar abokin wasansa, hasali ma in ya tarar da shi cikin wahala wajibi ne ya taimake shi.

Baƙin da suka zo da littafi

Cikin wannan ƙasa mai wasa ne addinin Kirista ya shigo, ba da daɗewa sosai ba. Turawan ƙungiyar mishan da ake kira SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun buɗe gida a Tsibiri, a 1940 kuma suka zauna Maraɗi. Galibinsu masu jin Ingilishi ne, saboda haka hukumar Faransa ta lokacin ba ta saki jiki da su ba. Da Hausa suke wa'azi, da Hausa suke koyar da karatu. Sun gina asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Wajen lokacin samun mulkin kai masu bi ƴan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu, wadda ake taƙaita sunanta EERN. Katolika kuwa sun sami yankin bishop na Maraɗi a 2001, Ambroise Ouédraogo ne bishop ɗinsa na farko. Duk da haka Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. A jahar Maraɗi an fi samunsu a birnin da kewayensa, in aka nausa arewa wajen Dakoro da Birnin Lalle sai su ƙara ƙaranci, yawanci ma'aikata da baƙin da aiki ya kawo.

Turawan mishan na farko mutane ne masu tsanani a sha'anin ibada. Sun yi ɗari-ɗari da kiɗa da rawa, don suna ganin kamar ba a raba su da bori. Bagobirin da ya karɓi sabon addini sai ya sami kansa tsakanin gida biyu: gidan ubansa, inda ake gane mutumin kirki da sakin fuska, da majami'a, inda ake zama tsit. Abin tambaya gare shi, shin mai tsoron Allah yana da iznin ya yi dariya har haƙoransa su bayyana, ko kuwa ɗaure fuska shi ne alamar imani?

Wannan tambaya ta girmi mishan da ɗaruruwan shekaru. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azi kuma bishop na birnin da yau ake kira Istambul, wanda ya rasu a shekarar 407, ya jawo hankalin masu sauraronsa cewa Linjila ta ba da labarin kukan Yesu amma ba ta taɓa cewa ya yi dariya ba. A ƙarni na 6, Benedikt na ƙasar Italiya ya rubuta wa masu zaman zuhudu dokokinsu, ya hana su maganganun da ke jawo dariya, ya kuma lissafta rashin saurin dariya cikin matakan tawali'u. Ba don ƙin ɗan Adam suka faɗi haka ba. Sun ga irin dariyar gidajen wasa na Rumawa, ta batsa da wulaƙanta marasa ƙarfi, suka ji tsoron kada ta biyo mutane cikin majami'a. Amma a wurare da dama tsoron ya wuce gona da iri, har aka wayi gari wasu suna auna ibadar mutum da yawan murtuke fuskarsa.

Abin da masu karatu suka tarar

Abin da ya warware wa Hausawa masu bi wannan ƙulli shi ne iya karatu. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kai tare da abokan aikinsa, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Da manomi ya iya haɗa baƙi da wasali, ya buɗe littafin da kansa, sai ya tarar ashe akwai dariya a ciki tun daga littafin farko.

Littafin Farawa ya ba da labarin Ibrahim da Saratu. Shi yana gab da cika shekara 100, ita tana da 90, aka yi musu albishir da ɗa. Ibrahim ya faɗi rubda ciki yana dariya. Saratu kuma, da ta ji maganar daga bayan ƙofar tanti, ta yi tata dariyar a ɓoye, da aka tambaye ta sai tsoro ya kama ta, ta ce ita ba ta yi ba. Ba a hukunta ta ba. Da yaron ya zo aka raɗa masa suna Ishaku, wanda a harshen Ibraniyanci ma'anarsa dariya ce. Wato dariyar da ta fara da shakka ita ce ta koma ta murna, har ta zama sunan ɗaya daga cikin kakannin bangaskiya. Musulmi ma sun san wannan dariya, domin Suratu Hud ta ambaci cewa matar Annabi Ibrahim ta yi dariya a lokacin da baƙin nan suka zo da bushara. Da wuya a sami tsohuwa a Birnin Lalle, ko wane addini take bi, wadda za a ce mata za ta yi goyo tana da shekara 90 ba ta yi abin da Saratu ta yi ba.

Akwai kuma labarin Roda, a sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, alhali kuwa ya cancanta. Sarki Hirudus ya kulle Bitrus a kurkuku, masu bi suka taru a wani gida da dare suna roƙon Allah ya kuɓutar da shi. Aka kuɓutar da shi, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Baranya mai suna Roda ta je dubawa, ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta ta buɗe, ta ruga ciki tana shela. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Ana ta gardama a ciki, shi kuwa mutumin da ake yi wa addu'a yana tsaye a waje cikin duhu yana ta bugun ƙofa. Marubucin bai ɓoye wa manyan ikilisiyar farko wannan abin kunya ba. Ya bar shi a rubuce, masu bi na kowane zamani su karanta su yi wa kansu dariya, domin kowa ya san ranar da ya roƙi abu da bakinsa alhali zuciyarsa ba ta sa ran samu ba.

Maganar Yesu kanta cike take da irin zolayar da Bahaushe ya saba da ita a karin magana. Ya kwatanta shigar mai dukiya Mulkin Allah da raƙumi mai neman wucewa ta kafar allura. Ya siffanta masu tsananin bin ƙananan dokoki da mutumin da ya tace ruwa don kada ya haɗiye ɗan ƙwaro, sa'an nan ya haɗiye raƙumi sukutum. Ya kuma kawo mai gungume a idonsa wanda ya dage sai ya cire wa ɗan'uwansa ɗan haki. Mutumin Turai da bai taɓa tsayawa kusa da raƙumi ba yana iya karanta wannan da ɗaurarriyar fuska. Mutumin Dakoro, wanda yake ganin raƙuma kowace ranar kasuwa, ya san tsawon wuya da tozo da ƙafafun da za a tura cikin maƙogwaro, ba sai an ce masa ya yi dariya ba. Wani malami Ba'amurke, Elton Trueblood, ya ba da labari cewa yana karanta wa iyalinsa zancen gungumen nan da murya mai nauyi sai ɗansa mai shekara 4 ya fashe da dariya. Yaron ne ya fahimci abin da uban ya daina ji saboda sabo. Wannan ya sa ya rubuta littafi a 1964 a kan rahar Almasihu, inda ya tattara wurare 30 daga Linjila.

Littafin bai sakar wa dariya linzami ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa ta yi gargaɗi a kan zancen batsa da wasan banza, littafin Mai Hadishi ya nuna cewa kuka da dariya kowanne da lokacinsa, an kuma umarci mai bi ya taya mai kuka kuka. Amma Bulus ɗin nan, wasiƙarsa da ta fi kowace yawan ambaton farin ciki, wato ta Filibiyawa, yana ɗaure ya rubuta ta.

A tarihin ikilisiya an sami waɗanda suka riƙe wannan ɓangare da ƙarfi. A 1530 Martin Luther ya rubuta wa wani saurayi, Jerome Weller, wanda baƙin ciki ya addaba, ya shawarce shi kada ya kaɗaita, ya nemi jama'a, ya yi wasa da raha, domin a ganinsa Shaiɗan ba ya jure a raina shi. Filibus Neri, fada a birnin Rum wanda ya rasu a 1595, an ce da ya ga mutane sun fara ɗaukarsa waliyyi sai ya aske rabin gemunsa ya fita titi, don a yi masa dariya girman kai ya sauka. Thomas More na Ingila, da Sarki Henry na 8 ya sa a sare masa kai a 1535, ya yi wa masu tsaronsa barkwanci a gindin dandamalin kisa. A wasu yankunan Jamus kuma an daɗe ana wata al'ada, ranar idin tashin Almasihu mai wa'azi ya ba da labarin da zai sa jama'a dariya, wai mutuwa ce ake yi wa. A zamanin nan Paparoma Francis, wanda ya rasu a 2025, ya sa raha cikin alamun tsarkin rai a wata wasiƙarsa ta 2018, a watan Yuni na 2024 kuma ya karɓi masu wasan barkwanci fiye da 100 daga ƙasashe 15 a fadarsa.

A majami'un Hausa ma fuska ta saku. Ganga da tulu da caki sun shiga ibada, ƙungiyoyin Zumuntar Mata suna waƙa da rawa, lokacin Kirsimeti kuma matasa sukan yi wasan kwaikwayo. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta san ƴan kama da tatsuniyar Gizo, ta kuma saurari Yazi Dogo da abokan wasansa suna gyara halin jama'a da dariya a rediyo da talabijin.

Abin da likitoci suka auna

Littafin Karin Magana, a sura ta 17, ya kwatanta zuciya mai fara'a da magani. Masu bincike sun so su san ko maganar tana da tushe a jikin mutum. Wanda ya fara jawo hankalin duniya wani ɗan jarida ne Ba'amurke, Norman Cousins, da ciwon gaɓoɓi mai tsanani ya kwantar a 1964. Ya sa aka riƙa nuna masa finafinan ban dariya, ya ce minti 10 na dariya sosai yana ba shi barcin awa 2 ba tare da zogi ba, ya kuma buga labarin a littafi a 1979. Shaidar mutum ɗaya ce, likitoci ba su ɗauke ta hujja ba, amma ta sa an shiga gwaji.

A 2011 Robin Dunbar na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon nasu gwajin. Sun auna yadda mutane suke jure zafi, ta hanyar matse musu dantse ko sa musu abu mai tsananin sanyi, kafin kallon wasan ban dariya da kuma bayansa. Waɗanda suka yi dariya sosai tare da jama'a juriyarsu ta ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100, waɗanda suka kalli shiri na yau da kullum kuwa tasu ba ta ƙaru ba. Bayanin da suka bayar shi ne, dariya mai girgiza ƙirji tana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna endofin, wanda yake rage jin ciwo. Murmushin ladabi ba ya yin wannan aiki. Wani masani kuma, Robert Provine na Amurka, ya bi mutane a kasuwanni da tituna yana rubuta lokacin da suke dariya. Ya tarar mutum ya fi yin dariya sau 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai, kuma mafi yawan dariyar ba wani labarin ban dariya ne yake jawo ta ba, zancen duniya ne kawai tsakanin waɗanda suka saba.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin ya nuna amfanin dariya yana tare da zaman jama'a. Mata masu daka tare, da samari a gayya, da tsofaffi a gindin bedi bayan la'asar, duk suna shan wannan magani ba tare da sun san sunansa ba. Ƙasar Dakoro ta ga fari na 1973 da na 1984, ta ga ƙarancin abinci na 2005, lokacin da aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Dakoro da Maraɗi. Raha ba ta cika rumbu ba a waɗannan shekaru, kuma ba ta cika shi yanzu. Ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ta maye gurbin rigakafi. Duk wanda ya ce wa mai ciwo ya yi dariya ya bar zuwa asibiti ya cuce shi. Haka kuma wanda baƙin ciki ya danne har ya daina ci da barci, ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, jinya yake bukata. Iyakar abin da za a ce, mai jinyar da ya shigo ɗaki da sakin fuska ya rage wa majinyaci rabin tsoro, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Dariya mai ciwo

Akwai wata dariya dabam, wadda ba ta bin ƙa'idar taubasai. Ita ce wadda mai ƙarfi yake yi wa wanda ba shi da bakin ramawa. Harshen Hausa cike yake da karin magana a kan kuturu da makaho da gurgu, kuma ba duka ne masu daɗin ji ga mai lalurar ba. Mutanen da suka yi ta zuwa Danja tun 1956 ba ciwon fata kaɗai ya kai su ba, har da gudun idon jama'a da dariyar yara. Yau kuturta tana warkewa da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su tun farkon shekarun 1980, ana kuma ba da su kyauta, amma tsoron ba'a yana sa wasu ɓoye tabon farko har sai yatsu sun lalace. A 2012 aka buɗe sashen aikin yoyon fitsari a Danja. Matan da wannan lalura ta sama wajen doguwar naƙuda sun san yadda ake toshe hanci in sun wuce, da yadda kishiya take ƙyafta ido. Ga irin waɗannan, warkewa ba ta cika sai ranar da suka koma cikin tsara aka tsokane su kamar kowa, su ma suka rama.

Kirista ba shi da uzurin rashin sanin wannan bambanci, domin Linjila ta ba da labarin yadda sojojin Rum suka yi wa Yesu ba'a kafin su gicciye shi, suka sa masa rigar sarauta da rawanin ƙaya, suna durƙusa masa da izgili. Wanda ake karanta wa wannan kowace shekara ya san ɗacin dariyar ƙeta. Musulmi kuma suna da hani bayyananne a Suratul Hujurat a kan wasu mutane su yi wa wasu izgili.

Nijar ta ga abin da irin wannan dariya take haifarwa. Ran 7 ga Janairu 2015 ƴan bindiga suka kashe mutum 12 a harin da suka kai wa jaridar barkwanci ta Charlie Hebdo a birnin Paris. Bayan mako guda jaridar ta sake fitowa da zanen da Musulmin duniya suka ɗauka cin mutuncin Annabi ne. Ran 16 ga wata tarzoma ta tashi a Damagaram, kashegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3. Kiristocin Nijar ba su zana kome ba, ba su buga kome ba, jaridar ma ta sha yi wa nasu addinin da shugabanninsa irin wannan ba'a. Kwana ɗaya kafin tarzomar, Paparoma Francis, yana cikin jirgi zuwa ƙasar Filifin, ya la'anci kisa da sunan Allah, ya kuma ce bai dace a zagi addinin wani ba, har ya yi misali da cewa ko abokinsa ne ya zagi mahaifiyarsa to ya shirya shan naushi. Maganar ba ta iso kunnen masu ɗauke da fetur ba. Cikin wannan duhu an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu har ƙura ta lafa.

In aka auna zanen nan da ma'aunin Gobir, za a ga inda ya kauce. Babu wasa tsakanin mai zanen da waɗanda abin ya taɓa, ba su ci daga akushi ɗaya ba, ba su da hanyar ramawa da baki, kuma an taɓa abin da ko taubasai ba sa taɓawa. Bagobiri yana iya ce wa Bazabarme bawa tun safe har dare, amma ba ya zagin abin da yake bauta wa. Waɗanda suka rama da wuta su ma sun karya ɗaya rabin ƙa'idar, wanda ya hana a cuci maƙwabci, balle maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Jama'a kaɗan da ke zaune cikin jama'a mai yawa tana da hanya biyu. Tana iya rufe ƙofa, ta ɗaure fuska, ta riƙa ƙidaya laifin da aka yi mata. Tana kuma iya zama cikin wasan da ta gada. A Tsibiri da Maraɗi akwai zuriyar da wani reshe yake zuwa masallaci, wani yake zuwa majami'a, kuma sauya addini ba ya soke taubasantaka, tun da haihuwa ce ta ƙulla ta. Ɗan mace yana nan ɗan mace, ɗan namiji yana nan ɗan namiji. In watan Muharram ya kama, wanda Hausawa suke kira watan cika-ciki, lokacin biyan kuɗin shara ya zo, taubashi yakan tare taubashinsa a ƙofar gida ko a tsakiyar kasuwa ya ce a biya shi. Fasto ne ko liman, sufurefe ne ko mai gadin ofishinsa, in dai wasan ya hau kansa sai ya sa hannu aljihu, ko da dala ɗaya ce, ana yi masa tsiya yana biya.